"Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi": uzuri ne ko gori?

Ɗan Mokoyo: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sallah, Allah ya maimaita mana. Ranar layya an so a raba hali a layinmu tsakanin wata dattijuwa da matar ɗanta. Amaryar daga Katsina aka kawo ta bara, wannan ce babbar sallarta ta farko a Maraɗi. Ana gama fiɗa ta sa yara su daddatsa ragon mijinta za ta soya. Uwar miji ta fito ta tarar an riga an cire cinya ɗaya, ga sandunan da ta tanada na gashi a jingine da bango. Ba ta ɗaga murya ba, ta dube ta ta ce, "To, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi." Yarinya ta shige ɗaki tana kuka, wai an zagi iyayenta. Tsohuwa ta rantse uzuri ta yi mata. Har yau majalisar ƙofar gida a rabe take. Ku me kuka gani?

Hajiya Ta-Zariya: Gori ne, ɗana, kada ka wahalar da kanka. Uzuri a bayan idon mutum ake yi masa shi. Wanda aka faɗa maka a fuska, gaban yara da mahauci, sunansa habaici ko da da murmushi aka yi shi.

Malam Na-Limanci: Hajiya, a yi mata adalci. Ku duba kalmar: "gidansu" aka ce, ba "gidansa" ba. Maganar a kan gado take da tarbiyya. Mai wa'azi yakan kawo ta in yana jan kunnen iyaye cewa abin da yaro ya ji a gida shi zai maimaita a waje. Ita kanta ba yabo ba ce, ba zagi ba.

Hajiya Ta-Zariya: Allah ya gafarta Malam, ai nan zafin yake. Da "gidansa" ne da yarinyar ba ta yi kuka ba.

Mahaucin Sabon Gari: Ni ku bar ni da ragon, shi aka zalunta. Rago in an cire masa cinya ɗaya ba ya tsiruwa, sanda ba ta da inda za ta kama. Ga wanda bai saba ba: bayan fiɗa a fitar da kayan ciki, a cire maɗaciya a hankali kada ta fashe a kan hanta, a tsaga ƙirji a buɗe shi ya baje. Sanduna biyu ɗanyu masu kauri, a gicciye, daga ƙafar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, ɗayar kuma akasin haka. Busasshen sanda yana kamawa da wuta, rago ya faɗa cikin toka. Kada a kuskura a sa tumfafiya. Cinyoyi da kafaɗu a tsattsaga su har ƙashi a cusa gishiri, don nan ne nama ke fara lalacewa: waje ya yi ja, kusa da ƙashi jini bai tsane ba, da safe ka ji tsami.

Wuta kuma garwashi ake so ba harshe ba. A jera raguna kamar taki biyu daga wutar, cikin haƙarƙari ya fuskance ta tukuna, sai ya daina ɗigar ruwa a juya baya. A ajiye kwano a ƙasa ya tari kitsen da ke narkewa, da shi za a yi suyar gobe. Daga azahar har bayan isha ake yi, mai gaggawa ya matso da shi kusa ya sami ƙauri a sama, ɗanye a ciki. Shi ya sa maƙwabta ke haɗa itace a yi wuta ɗaya ta layi. Ƙirya ta fi riƙe garwashi, sabara tashi ɗaya take ta mutu. Da dare a rataye shi inda iska ke bi. Wanda ya rufe shi da leda don ƙuda ya gama da shi.

Bakatsiniya: Baba mahauci, duk mun ji, amma kada a mai da yarinyar nan kamar ba ta san nama ba. Tsakanin Maraɗi da Katsina ko kilomita 100 babu, uwa ɗaya uba ɗaya ne. Mu can ranar ake yanka, ranar ake rabo, ranar ake suya. A daddatsa, a tafasa da albasa, citta, tafarnuwa da gishiri, ruwa kaɗan, har ya tsotse. A tsame ya sha iska, sannan a zuba cikin mai mai zafi kaɗan-kaɗan. Alamar ya soyu: kumfar man ta kwanta, ƙarar ta ragu. In an kwashe da sauran kumfa akwai ruwa a ciki, kwana uku ya yi fumfuna. Kuma ba a rufe shi da zafinsa, gumin murfi ke ɓata shi. Wanda ya soyu haka yana wata biyu ba firigo. Me ya fi wannan?

Mahaucin Sabon Gari: Mu ma muna soyawa, ranki ya daɗe, washegari. Bambancin, namu ya riga ya sha hayaƙi ya zubar da ruwansa, ba ya cin mai. Naku galan guda yake sha.

Ɗan Damagaram: Kanawa ma haka suke yi, don kada maƙwabci ya ƙirga musu raguna a ƙofar gida. Bakano ya jera dukiyarsa a titi kowa na gani? Sai dai a ji ƙamshi ta kan katanga.

Bakano a Kasuwa: Bawana, ku da kuke jerawa a titi ai don a gani ne. Ranar sallah guda, mutum ya yanka rago ya kwana da hanji da tumbi, naman na rataye yana kallo kamar hoton kalanda.

Maman Biyu: Wannan gaskiya ne kuma ba abin kunya ba ne. Ranar farko a nan ta kayan ciki ce. Hanta a gasa wa maigida ya karya da ita, tunda bai ci komai ba sai da aka sauko idi. Tumbi a juye a wanke da ruwan zafi a kankare, hanji a tatse a kitsa shi ko a naɗe a jikin tumbi, a tafasa a zubar da ruwan farko, in ba haka ba miya ta yi ƙarni. Da shi ake miyar rana. Inda gidaje suke rabuwa shi ne abin da za a ci da ita: wani gida tuwon shinkafa, wani masa, wani shinkafa da taliya, wasu ƴan boko burodi kawai za su sayo su huta. Kai da ƙafa a babbake a ajiye sai rana ta uku. A ƙaramar sallah ma haka ne, nan zabi ake wawaso a kasuwa, wasu gidajen in ba zabo a tukunya kamar ba a yi sallah ba, can kudu kuwa kaza da miyar taushe sun wadatar.

Malam Na-Limanci: Ku lura, duk wannan al'ada ce. Abin da shari'a ta ɗaure kaɗan ne: kada a yanka kafin liman ya yanka, kwanakin yanka uku ne kuma da rana, ba a sayar da nama ko fata, ba a biyan mahauci ladansa da naman. A Malikiyya ma ba a ƙayyade kason rabo ba, a ci, a yi sadaka, a yi kyauta. Rabo yau ko gobe duk ya halatta.

Mahaucin Sabon Gari: Malam, batun wuya fa? Tun kakanni wuya na mai fiɗa ne.

Malam Na-Limanci: In an biya ka kuɗinka cif sannan aka ba ka kyauta, ci da lafiya. In shi ne ladan, a gyara.

Jikar Tibiri: Ku tsaya ku ji yadda kakarmu ta yi da wannan karin magana, Allah ya jiƙanta. Shekarar yunwa ce, 1984, dabbobi sun ƙare, wanda ya rage ƙashi da fata. Su uku ne matan gidan, ita ce ta tsakiya. Maigida ya ce bana ba layya. Ita kuwa tana da bunsuru ɗaya ja, cikin jajayen awakin nan namu, da ta raina da ɓawon wake da harawa a bayan ɗaki. Ta ba shi ta ce ya yanka. Layin gaba ɗaya raguna huɗu aka samu a shekarar, na masu hali. Ta sa aka tsire bunsurun aka kai shi wutar layi aka jingina tsakanin raguna, ɗan ƙarami kamar an shanya rigar yaro. Mutane na wucewa suna dariya. Uwargida ta aiko a ɗauke shi a soya a cikin gida, wai ana tona musu asiri. Kaka ta ce ba inda za shi.

Ta zauna gindinsa da kanta, abin da mata ba sa yi. Ta ja shi baya ya fi raguna nisa da wuta, don akuya ba ta da kitsen da zai kare ta, in ta yi kusa ƙamewa take kamar fata. Ta kwaɓa man gyaɗa da gishiri da ɗan yaji a ƙoƙo tana shafa masa da gashin kaza duk bayan ɗan lokaci. Kafin magariba nata ya yi, raguna na nan suna ɗiga. Washegari ta yanka shi tsoka-tsoka ta kai gida goma sha ɗaya, wani gidan ƙashi ɗaya da tsoka biyu a ganye. Jelar da ɗan haƙarƙari ta barbaɗe da gishiri ta busar, ta sa a tukunya ta liƙe bakin da laka, sai ranar cika-ciki aka fasa, wata guda cur. Da uwargida ta ce mata, "Ke kam ba ki jin kunya," sai ta ce, "Yaya, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. A gidanmu ba a cin layya a ɓoye." To ita da bakinta ta faɗa a kan kanta. Wannan gori ne ko uzuri?

Hajiya Ta-Zariya: Allah ya jiƙan mazan jiya. Amma ƴata, sake saurara. Kakarki ta gaya wa uwargida cewa a nasu gidan a ɓoye ake ci. Gori ne mai kyau, na gwanaye.

Jikar Tibiri: Hajiya, wallahi har ta rasu cewa take ba da kowa take ba.

Hajiya Ta-Zariya: Haka ita ma ta Mokoyo ta rantse.

Ɗan Kabu-kabu: Bunsuru yana layya kuwa? Ni na ɗauka sai rago.

Malam Na-Limanci: Yana yi, in ya cika shekara ya shiga ta biyu kuma ba shi da aibi. Rago dai ya fi falala a wurinmu. Sa kuwa sai ya shiga ta huɗu, kuma Malikiyya ba su yarda a haɗa kuɗi a saya ba, sauran mazhabobi ne suka yarda da mutum bakwai. Watanda daban, wannan nama ne kawai.

Bakano a Kasuwa: Ni tambayata ga masana: tsuntsun da ke sauya sheƙa duk zaɓe, kukan wane gida yake yi?

Ɗan Damagaram: Na gidan da ake zuba tsaba.

Ɗan Kabu-kabu: Akwai wani tsohon depite, wato ɗan majalisa, ba zan faɗi unguwa ba. Lokacin da ana yi da shi raguna goma yake jerawa a ƙofar gida a ɗauki hoto, washegari cinyoyin su hau mota su tafi gidajen da su ma goma suka yanka. Mu da muka kwana juya masa su, huhu. Bana na wuce, ɗaya ne, shi ma a cikin gida.

Bakatsiniya: Ka ga ya koma kukan Katsina.

Maman Biyu: Ku bar siyasa ku amsa wa Ɗan Mokoyo. Ni a ganina laifin mijin ne. Shi ya san gidansu, shi ya kamata ya gaya mata tun daren jajibere. Kuma gidaje da yawa yanzu raba gardama suke: rabi a wuta, rabi a kasko. Dalili ma na nan. Sallah na ja baya da kwana 11 duk shekara, ta yi shekaru tana faɗowa cikin damina, yanzu ta nufo bazara. Hadari ya taso da la'asar ya kashe wutar layi, rago rabin gasuwa, ga zafi, ga kuran, wato wutar lantarki, ba tabbas. Irin wannan ranar ba a jira gobe, a sauke a daddatsa a tafasa cikin daren, ko da fitila. Tsofaffi ma sun san haka.

Bakatsiniya: Yawwa. Kuma aku ma tsuntsu ne, kukan gidan da ya zauna yake koya. A ba ta shekara biyu.

Hajiya Ta-Zariya: Aku a keji yake koyo, ƴar nan. Kada ki ja mata.

Ɗan Mokoyo: Na gode jama'a, amma kun ƙara rikita ni. Cinyar dai an soya, sauran an rataye shi da igiya a gefen wuta tunda ba ya tsiruwa. Tsohuwa ta ci soyayyen, ta ce gishiri ya yi kaɗan.

Mahaucin Sabon Gari: Da igiya? Ta roba ko ta kaba?

Ɗan Mokoyo: Ta roba ce, Baba.

Mahaucin Sabon Gari: Innalillahi. Wa ya ba ku wannan shawara?