Ina so mu tare a filina kafin gini ya kammala, ku ba ni shawara

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da fili ƙafa 50 a 100 a Jos, wajen Babale, kan hanyar Bauchi. Shekara tara ke nan ina haya a Unguwar Rogo, bana kuma mai gida ya sake ƙari. Kuɗin da na biya zai ƙare ƙarshen Maris, yanzu ga mu a Nuwamba. Abin da ke raina shi ne in tayar da ciki da falo a kusurwar filin, mu tare ni da maiɗakina da yara uku, kuɗin haya ya riƙa shiga gini. Jan bulo nake so, wanda ake matsewa da inji, da sola, da tankin tara ruwan sama. A gidan ƙasa na kakana na tashi a Zariya, har yau ban manta sanyin ɗakin nan da tsakar rana ba. Maiɗakina ta amince, amma na ga jikinta ya yi sanyi. Surukata kuwa cewa ta yi, ginin ƙasa a garin da ruwa ke kwana yana zuba? Don Allah wanda ya sani ya taimaka.

Tsohon birkila daga Bukuru:
Wa alaikumus salam. Ɗana, maganar surukarka abin dubawa ce, amma ba ta hana gini. Abin da ke kashe ginin ƙasa a Jos biyu ne: ruwan da ke tsotsowa daga ƙasa da wanda iska ke watsa wa bango. Ka yi fandesho da dutse da siminti, dutse kuwa ba a nemansa a garin nan, ka ɗaga shi kamar ƙafa biyu sama da ƙasa, a shimfiɗa leda kafin a aza bulon farko. Kwanon rufi ya zarce bango da aƙalla ƙafa biyu ta kowane gefe. Kafinta zai ce ɓarnar katako ce, kada ka saurare shi.

Kafin ka kira mai inji, gwada ƙasar. Zuba ta cikin kwalba zuwa rabi, cika da ruwa, girgiza sosai, ka ajiye ta kwana. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka ta hau sama. In laka ta yi yawa bulo zai tsage, sai a ƙara yashi. Muna sa kwanon sarki ɗaya na siminti a kwano 15 zuwa 20 na ƙasar da aka tankaɗe. Bayan an matse, a jera, a lulluɓe da leda, a riƙa yayyafa ruwa, a bar shi ya yi mako huɗu. Iskar hunturu na busar da bulo tun siminti bai kama ba, ka taɓa shi ya marmashe a hannunka. Saboda haka in da gaske kake, a fara bugawa cikin watan nan, rufi ya hau kafin ruwan Afrilu.

Uwar yara huɗu, Rikkos:
Malam, ni ta ɓangaren maiɗakinka zan yi magana, don na yi irin zaman nan shekara biyu. Kai da safe za ka fita. Ita za ta wuni da leburori a tsakar gida, ga ƙura a tukunya, ga ƙusa a ƙasa, ga yaro na rarrafe wajen ramin sokawe. Wata rana na juya baya ina kwashe tuwo, sai na tarar da autana ya leƙa durom ɗin ruwan magina, ƙafafunsa sun bar ƙasa. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake.

Kada ka kai su sai abu uku sun tabbata: banɗaki mai ƙofa na iyali kaɗai, leburori da nasu daban, ruwan da ba sai an jira 'yan garuwa ba, da shinge ko na kwano ne da zai raba wajen zamanta da wajen aiki. Kowane rami da durom a rufe. Ka zaunar da ita ka tambaye ta abin da take tsoro, wataƙila ba ginin ba ne, nisan makarantar yara ne ko rashin maƙwabta.

Injiniya:
Ina goyon bayan Baba da Hajiya. Ƙari kaɗan. Ka kai zanenka JMDB, wato hukumar raya birnin Jos, a amince tukuna, har da ɗakin da za ku fara zama, ka kuma sa shi inda zai zama ɓangaren gidan, kada ya zama abin rushewa daga baya.

Batun ruwa, Jos na samun kusan milimita 1,400 a shekara. Kowace milimita a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, ke nan rufin ciki da falo mai murabba'in mita 40 zai iya zubo da sama da lita 50,000. Matsalar ita ce duk tsakanin Afrilu da Oktoba yake sauka, tanki kuma ba zai raka ka har ƙarshen rani ba, don haka rijiya dole ce. Ramin masai ya yi nisan mita 30 da ita, ta gangare. A fili mai tsawon ƙafa 100 wannan na nufin ɗaya a wannan ƙarshe, ɗaya a wancan, sannan ka duba inda maƙwabci ya haƙa nasa. Ruwan farko na damina a bar shi ya wanke kwano ya zube.

Abin da na fi so ka riƙe: kada a kawo maka yashin da aka kwaso daga tsofaffin wuraren wankin kuza don yana da araha. Ragowar kuza na ɗauke da ma'adinai masu fitar da tururin radiyeshan, bai dace da bangon ɗakin kwana ba. Ka kuma je filin ka tambayi dattawan wurin ta ina ruwa ke bi. Wanda ya ga ambaliyar 2012 a Rikkos da Gangare ba ya raina wannan tambaya.

Mai haɗa sola:
Yaya, fara da ƙarami: fitilu, cajin waya, fanka. Farantan su kalli kudu, a ɗan karkace, ana goge ƙurar hunturu. Batir ya kwana cikin ɗaki a kulle, don gefen gari ne. Sanyin Disamba a sabon wuri ba wasa ba ne, amma don Allah kada a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, haka janareta kusa da taga. Hayaƙin da ke kisa ba shi da wari.

Wata malamar makaranta:
Ka ɗauki surukarka ka kai ta gidan tarihi na Jos, ɓangaren gine-ginen gargajiya. Akwai kwaikwayon ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya, duk da ƙasa. Za ta ga kyansu, kai kuma za ka ga yadda damina ke cin inda aka bar shi ba gyara. Ni dai da za ka ji tawa, ka nemi mai gidanku ya ƙara maka wata uku, kai ka riƙa kwana a filin, iyali su biyo baya.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Hajiya, na karanta wa maiɗakina saƙonki jiya da dare, ta yi shiru, can ta ce rijiyar da ba murfi ce ke hana ta barci, ta rasa yadda za ta faɗa mini ne. Mun tsayar cewa ni zan fara komawa a Maris, su sai bayan an rufe rijiya an ja shinge. Gobe zan je wajen mai gida kan ƙarin wata ukun. Baba, na cika kwalba biyu da ƙasar gaba da ta bayan filin, suna kan taga. Da safe zan turo hoto ka duba mini.