Neman taimako: yaya ake bambance ƙananan tsuntsaye masu ruwan ƙasa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kallon tsuntsaye. Wani abu ya shige mini duhu, ina neman shawararku.

Ina da littafin gane tsuntsaye mai zane da taswira, da madubin hangen nesa. Manya irin su shamuwa, balbela da shirwa ba su ba ni wahala. Ƙananan nan ne suka gagare ni, musamman mulufi da danginsa. Da damina namijin mulufi ja ne da baƙi, ko yaro zai gane shi. Amma da rani sai ya zubar da wannan ado, ya koma ruwan ƙasa mai zane-zane kamar macen, ga 'ya'yan su ma haka. In na buɗe littafin sai in tarar da shafi guda cike da tsuntsaye kusan iri ɗaya, kuma wanda nake kallo ba ya jira. Kafin in ɗaga kai ya tashi.

Taswirar ma ba ta raba gardama, domin da yawansu yanki ɗaya suke zaune. Kukan kuwa, yadda ake rubuta shi da haruffa, ni dai a ganina bai da amfani sosai.

To me ya kamata in fara dubawa: kaurin baki, tsawon jela, layin da ke bisa ido, ko yadda yake tashi? Kuma ku kukan rubuta abin da kuka gani ne tukuna kafin ku buɗe littafi, ko a take kuke dubawa?