Tsohon karen lambuna yana fitsarin jini, wa ya taɓa ganin haka?

Mai Lambu, Katsina:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san sha'anin dabbobi, in ma akwai likitansu a cikinmu to Alhamdu lillahi.

Ina da lambu a hanyar Ajiwa kusa da dam, mangwaro da gwaba da ɗan fili na noman rani, sai wani ɗan sito da nake zuba masara da wake. Kare ɗaya ke tsaron wurin, muna ce mashi Duna. Irin namu ne na gida, baƙi mai farin ƙirji. Wani Bafulatani ya ba ni shi yana ɗan kwikwiyo a shekarar zaɓen 2015, kun ga ke nan ya tsufa. Tunda ya girma ba a taɓa ɗaukar mani ko tiyon ban-ruwa ba, alhali maƙwabtana har injin ana cire masu.

Kwanan nan yaron da ke kwana a lambun ya nuna mani ɗigon jini a kan simintin da Duna yake kwanciya. Mun duba jikinshi kaf, babu rauni. Da na tsaya na lura lokacin da ya ɗaga ƙafa a gindin bedi, sai na ga farkon fitsarin ja ne, daga baya ya washe ya koma yadda aka saba. Wani lokaci ma ba fitsari yake ba, yana kwance jinin ke ɗigowa ta gabanshi. In ya zo kashi yana daɗewa yana yunƙuri, abin da ke fitowa kuma siriri.

Ban da wannan akwai wasu abubuwan da na daɗe ina gani ina cewa tsufa ne. Da safe ƙafafunshi na baya sai sun riƙe kafin ya miƙe. Idanunshi sun yi hazo. Bakinshi na wari, ƙashi ma yanzu sai dai ya lasa ya bari. Ruwa kuwa yana sha fiye da da. Yana cin abinci, ragowar tuwon gida ne da miya da kan kifi in an samu. Kaska akwai ta a kunnuwa, damina ta bana ta yi mana yawa da ita.

Yaron yana ta matsa mani in sayo kafso a kemis a ɗura mashi. Ni dai na ce a dakata in tambaya tukuna.

Tsohon Mafarauci, Daura:

Wa alaikumus salam Mai Lambu. Allah ya ba shi lafiya. Ni da karnuka muka tsufa, kuma fitsarin jini a kare abu biyu na sani. Ko dai kaska ta sha shi har ta sa mashi zazzaɓi, ko kuma tsargiya, tunda ka ce kusa da dam kuke, ƙila yana shiga ruwa. Ɗaga leɓenshi ka duba dasashi. In ka gan shi fari fat, to kaska ce. Mu a nan Berenil ɗin shanu muke samu wurin masu maganin dabbobi a kasuwar Mai'adua, a dama a yi mashi. Na ga waɗanda suka tashi da shi, na kuma ga waɗanda suka tafi, gaskiya ɗaya ce. Kada dai ka bari a shafa mashi baƙin mai don kaska, yara na yin haka, fata yake ƙonawa.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:

Alhaji duk wannan dogon bayani a kan kare? Karen bana shi ke maganin zomon bana. Ka ba masu sayen karnuka shi ka nemo ƙarami. Kuɗin da za ka kai asibiti ai gara ka ba almajirai.

Mai Lambu, Katsina:

Ɗan'uwa na Ƙofar Ƙaura, sadaka hanyarta daban, ba ta hana wannan. Kare na tsaron gona halas ne ajiye shi, kuma wanda ya ajiye dabba ci da sha da lafiyarta suna wuyanshi. Ka tuna mutumin da aka gafarta mawa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, hadisin na cikin Bukhari. Ba zan miƙa shi ga masu buhu ba.

Baba Mafarauci na gode. Na sa yaron ya duba, ya ce dasashin ja ne amma ba sosai ba.

Likitan Dabbobi, Zariya:

Salam. Ni ɗan Katsina ne, aiki ya ajiye ni nan. Alhaji ka kyauta da ka dakatar da maganar kafso, kuma bayanin da ka yi ya fi wanda yawancin masu kawo mana dabba ke yi. Ba zan iya yanke hukunci ban taɓa karen ba, amma bari in faɗi inda hankalina ya tafi.

Jinin da ke zuwa a farkon fitsari, ko ya riƙa ɗiga kare na kwance, yawanci daga ƙasa yake, tsakanin bakin mafitsara da gaba. Wanda ke zuwa a ƙarshe ya fi nuna mafitsarar kanta, ƙwayoyin cuta ko tsakuwa ko tsiro. Wanda kuma ya rine fitsarin duka tun daga farko har ƙarshe, ya yi duhu kamar zoɓon da ya jiƙu, shi ne ake zargin ƙoda ko cutar kaska. To naka ya faɗa kashi na farko, ga namiji ne tsoho, kuma ban ji ka ce an fiɗiye shi ba. Akwai wata tsoka da ta zagaye hanyar fitsari a gindin mafitsara, furosteti, irin wadda ke damun dattawa maza. Yawancin karnukan da ba a fiɗiye ba tana kumbura masu in sun kai shekarun Duna. Bambancin shi ne a mutum fitsari take tarewa, a kare kuwa ta fi danne hanjin da ke samanta, shi ya sa kake ganin yunƙuri da siririn kashi. Har riƙewar ƙafafun baya tana iya ƙarawa in akwai ciwo a wurin. Likita zai sa safar hannu ya taɓa ta ta dubura, nan take zai ji girmanta da ko tana mashi zafi. In kumburin tsufa ne kawai, fiɗiya na sa ta saɓe cikin 'yan makonni. Amma aikin tiyata ne da allurar barci, kada wani ya ce zai dandaƙe shi yadda ake wa bunsuru.

Abu na biyu da nake so a duba, kuma shi muke yawan gani a karnukan da ke yawo, wani tsiro ne da suke ɗauka wurin barbara. Ja ne, mai ɓurɓushi, yana ɓoye can cikin fatar gaba ta yadda ba ka ganinsa sai an janye fatar har ƙarshe, kuma da an taɓa shi sai jini. Ciwon daji ne, amma cikin dajin da ya fi jin magani. Akwai allurar vincristine da ake yi ta jijiya sau ɗaya a mako, galibi huɗu zuwa shida, ya narke. Likita ne kawai zai yi ta, don in ta zuba a wajen jijiya nama take cinyewa. Shin Duna na fita neman karya da dare?

Na uku, ka ce akwai sito, ga shi lokacin kaka ne. Ka tambayi yaron ko ya zuba maganin ɓera. Akwai irin da ke hana jini daskarewa, kuma ba a ranar da aka ci yake nunawa ba, sai bayan kwana 3 zuwa 5. Kare kan ci maganin, ko ya ci ɓeran da ya ci. Makarinsa bitamin K1 ne, ana ba da shi na makonni. In haka ne ba a jira gobe.

Baba Mafarauci, Allah ya ƙara girma, maganarka ta dasashi daidai take, mu ma da ita muke farawa. Cikin cututtukan da kaska ke sa wa kare a nan ƙasar akwai iri biyu da suka shafi maganarmu. Ɗaya tana farfasa jan jini, kare ya yi zazzaɓi, dasashi ya yi fari ko ya yi rawaya irin na shawara. Ɗayar tana rage abin da ke tsayar da jini, sai ka ga haɓo ko jini a fitsari. Berenil na farkon kawai yake yi wa aiki, ta biyun maganin doxycycline take so har kwana 28. Kuma dalilin da ka ga wasu sun tafi, ƙaramar ledar nan an auna ta ne don saniya mai kilo 300. Karen gida da ƙyar ya wuce kilo 20, kuma kare ba ya jure ƙarin Berenil ko kaɗan, ƙwaƙwalwa yake taɓawa, ya kama tangaɗi da farfaɗiya. Sai an ɗiga jini daga bakin kunne an duba a madubin likita an ga ƙwayar, an kuma ɗora karen a sikeli. Tsargiya kam, irin mai zama a mafitsara ta mutane ce, ba ita nake nema a kare ba. Sai dai in yaran lambun na wanka a dam, su ya kamata a tambaya ko suna ganin jini.

Ga abin da za ka yi. Gobe da sassafe ka tari fitsarinsa, ka bar na farkon ya zuba ka tari na tsakiya, da tsohon ludayi da aka wanke ya bushe, ka juye a kwalba mai murfi. Ka sa leda a hannu, don akwai cutar da fitsarin kare da na ɓera ke ɗauka mai kama mutum. Ka kai shi asibitin dabbobi na gwamnati tare da karen kafin awa biyu. Ka ce a duba fitsarin, a auna yawan jini, a duba na kaska, in da hali a yi awon ƙoda. Wannan na ƙarshen ina so ƙwarai, saboda yawan shan ruwa da warin baki a tsohon kare kan zama alamar ƙoda ta fara gajiya, ko da yake ruɓaɓɓen haƙori ma na kawo wari. Kada ka rage mashi ruwa. In suka ce ana bukatar hoton ciki kuma ba su da na'ura, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana yi.

In ka ga yana tsugunawa fitsari ya ƙi fita gaba ɗaya, ko dasashin ya yi fari, ko ya daina ci ya kama amai, a daren za ka ɗauke shi. Toshewar fitsari na kashe kare cikin kwana biyu zuwa uku.

Maman Khalifa, Katsina:

Likita Allah ya saka. Ina da tambaya a kan ƙafafun, don namu na gida ma haka yake yi in hunturu ya shigo. Maigidan kan ba shi rabin ibuprofen a cikin nama. Akwai matsala?

Likitan Dabbobi, Zariya:

Hajiya a daina daga yau. Ibuprofen da diclofenac suna huda cikin kare su lalata ƙoda, kuma sukan fara ne ba a gani, sai kashi ya koma baƙi. Farasitamol ma hanta yake taɓawa in aka yi shi da ka. Akwai na karnuka, kamar meloxicam, amma a tsoho sai an ga awon ƙoda kafin a fara. Kafin nan a ɗaga shi daga kan siminti, a shimfiɗa mashi buhu biyu ko tsohon bargo inda iska ba ta bugawa.

Alhaji na manta maganar miya. Albasa na farfasa jan jinin kare, dafaffiya ko ɗanya, kuma tana taruwa in kullum ne. A ɗebar mashi tuwon kafin a zuba miya, a jiƙa da romon kan kifi marar gishiri sosai, a haɗa da dafaffen ƙwai in ya samu. Hazon ido kuma, in shuɗi-shuɗi ne kuma ba ya karo da abubuwa, tsufan ido ne, yana gani. In fari ne tas to yanar ido ce, a nuna wa likita tunda za a je. Kaska kuwa ba a jikinsa kaɗai take ba, a tsagar bango take ƙwai, sai an yi wa makwancin feshi an fitar da shi har ya bushe. Kada a sa mashi fiya-fiya. Ka tafi da katin rigakafin haukan kare in akwai, in shekara ta zagayo a sabunta bayan ya warware.

Mai Lambu, Katsina:

Likita na gode, Allah ya bar zumunci. Na tambayi yaron, ya ce bai zuba maganin ɓera ba, tarko yake sawa, amma bai san na maƙwabta ba. Fita da dare kam yana yi, akwai wata karya a rugar da ke bayanmu. Ba a taɓa fiɗiye shi ba. Na samu mai a-kori-kura da zai kai mu da safe. Damuwata ɗaya, Duna bai taɓa shiga mota ba kuma ba ya yarda baƙo ya taɓa shi, balle a ce ta dubura.

Tsohon Mafarauci, Daura:

Likita na karɓi gyara a kan Berenil. Mai Lambu, wannan kuma fannina ne. Samo tsumma mai faɗin yatsa uku, dogo. Yaron da ya saba da shi ne zai ɗaura, ba kai ba. Ya zagaya bakin sau biyu ya ƙulla a ƙarƙashin haɓa, ya ja bakin tsumman ya ƙulla a bayan kunnuwa. Amma sai kun isa ƙofar asibiti, kada a ɗaure shi tun daga lambu, don da baki kare ke fitar da zafi. Yaron ya zauna da shi a bayan motar a kan buhun da ya saba kwanciya, igiya a wuya gajera. Kada a ba shi abinci da safen, zai yi amai a hanya, ruwa kawai. Ku fita kafin rana ta ɗaga.