Burauza da "kilayan": wace kalma za mu ba su da Hausa?

Mai tambaya:
Jama'a, assalamu alaikum. Ina fassara takardar jagora ga ma'aikatan wata ƙungiya da za su koma yin taro da musayar takardu a Teams, manhajar taro ta kamfanin Microsoft. An ba su zaɓi biyu: ko su shiga ta burauza, ko su saka manhajar a kwamfutarsu, wadda takardar ke ta kira kilayan ("client" da Turanci). Na'urar fassara ta ba ni "abokin ciniki". Ke nan sai in rubuta wa mutane su sauke abokin ciniki su ajiye shi a kwamfuta. Masana, a taimaka mini da kalma biyu, ta burauza da ta kilayan ɗin nan.

Mai gyaran kwamfuta:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin raɗin suna a ga jaririn tukuna. Saƙonninku da fayilolinku ba a kwamfutar ma'aikaci suke zaune ba, suna can a uwar garken Microsoft, wato babbar kwamfutar da ke ajiye su. Abin da ke gaban ma'aikaci aikinsa ya kai buƙata can, ya karɓo amsa ya nuna masa. Duk abin da ke wannan kai-komo shi ne kilayan a wajen masu fasaha, don haka ita kanta burauzar kilayan ce. Bambancin kawai, burauza kowane shafi ka tura ta za ta je, ita kuwa manhajar Teams gida ɗaya ta sani.

Wani abin ma da zai ba ku dariya: manhajojin hira na Slack da Discord na kwamfuta a kan Electron aka gina su, shi kuma Electron injin Chromium ne a cikinsa, wanda Chrome ke tafiya a kai. Teams ma haka yake har zuwa 2023, lokacin da sabonsa ya koma kan WebView2 na burauzar Edge. Sau da yawa abin da ka sauke burauza ce aka ɗaure wa shafi ɗaya.

Malamar Hausa:
Allah ya saka da alheri, ƙanena, ka buɗe mana hanya. Asalin kalmar kilayan daga Latin ne, kuma a tsohuwar Rum ana faɗinta ga mutumin da ya raɓu da wani babba yana samun kariya da abin masarufi a ƙarƙashinsa. Mu ma muna da wannan tsari, bara da ubangidansa. Ciniki daga baya ya shigo cikin ma'anar, shi ne na'urar ta cafke. Da zan so mu ce bara, amma a rubuce ba ma nuna karin sauti, mai karatu zai ɗauka shekarar da ta wuce ake nufi, ko roƙo a titi. Tunda aikinsa kai saƙo da karɓo amsa ne, ina ganin ɗan aike ya dace. Manhaja kuma mace ce a bakinmu, sai mu ce 'yar aike.

Ɗalibi:
Malama, da izininki. Tunda mun riga mun amince da uwar garke, me zai hana ɗayan ya zama ɗan garke? Sun tafi tare.

Malamar Hausa:
Sun tafi tare a kunne, ɗana, amma ɗan garke bin baya kawai yake yi, ba a aikensa ko'ina. Kalmar ba ta gaya wa mutum me abin yake yi ba.

Mai tambaya:
'Yar aike ta yi mini daɗi. Damuwata ita ce akawun da zai karanta takardar. In ya ga "buɗe 'yar aike", anya zai san inda zai latsa?

Mai gyaran kwamfuta:
Ba zai sani ba, kuma babu ruwansa da sani. A shago ba wanda ya taɓa ce mini in saka masa kilayan. Cewa suke a saka musu Zoom. Abin da ma'aikaci ke buƙata shi ne ya gane wace hanya ta fi masa, kuma a nan ya kamata takardarka ta daɗe.

In kwamfutar ta haya ce, ko ta ofis da mutum uku ke rabawa, ko wadda mai kula da na'urori ya kulle ba a saka komai sai da izininsa, burauza ita ce hanya. Haka baƙon da aka gayyata taro sau ɗaya. Ba ya sauke komai, ba ya cika ma'ajiyar kwamfuta, kuma kullum sabon salo yake gani ba tare da sabuntawa ba. Murya da bidiyo suna tafiya a cikinta ta fasahar WebRTC, wadda Google ya saki a 2011, shi ya sa Google Meet a kwamfuta burauza kawai yake buƙata. Sharaɗi ɗaya: ya fita daga asusunsa in ya gama, in ba haka ba na bayansa zai tarar da hirarsu a buɗe. Masu WhatsApp Web, da ya fito a 2015, sun san wannan ciwon.

Wanda kuma Teams ɗin shi ne wurin aikinsa daga safe zuwa la'asar, ya saka manhajar. Tana tashi tare da kwamfuta, kira da sanarwa suna iso shi ko bai buɗe burauza ba, kuma sababbin abubuwa sukan fara zuwa can. Kuɗinta shi ne tana cin ƙwaƙwalwar na'ura, tsohuwar kwamfuta mai gig 4 za ta riƙa numfashi sama-sama, sabuntawarta kuma data take sha. Ka ƙara musu gargaɗi: kada kowa ya gwada taro da Opera Mini, don ita shafuka take bi da su ta uwar garken Opera a matse su. Chrome ko Edge za su nema.

Malamar Hausa:
To ashe takardar ba kilayan take son faɗi ba, wadda aka saka take nufi. Saka ta yi sauƙi, amma muna saka riga, muna saka gishiri, ba ta da nauyi. Girka ta fi: ana girka tukunya, a labarai kullum muna jin an girke sojoji a wuri kaza, wato an kafa su sun zauna. Girkakkiyar manhaja. Wannan kowa zai gane.

Wani daga Maradi:
Gaisuwa gare ku 'yan uwa. Mu nan allonmu da Faransanci yake, kuma kalmar da suke ba burauza tana nufin mai jan ragamar jirgin ruwa. Burauza ba kowa zai gane ta ba a wajenmu. In takardar za ta tsallako iyaka, ku yi la'akari da mashigi.

Ɗalibi:
Ni dai a raba mu da "mai lilo" da nake gani a wasu fassarori. Lilon me? "Mai bincike" kuma yana sa mutane su ɗauka Google ake nufi, alhali Google shafi ne da ake buɗewa a cikin burauzar, ko da yake Chrome ɗin ma nasu ne, abin da ke ƙara rikita mutane ke nan.

Malamar Hausa:
Mashigi kalma ce mai kyau, ta cikinsa ake shiga. Sai dai burauza ta riga ta zauna a bakin yara da manya a wannan ɓangaren, kamar yadda mota da rediyo suka zauna, kuma ban ga amfanin korar baƙon da ya riga ya koyi gaisuwa ba. Farkon ambato a rubuta "burauza, wato mashigin intanet irin Chrome ko Edge", daga nan a ci gaba da burauza. Ɗan'uwanmu na Maradi ya samu abin kamawa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Maɓallan biyu na shafin shiga taro zan rubuta su haka: "Ci gaba a wannan burauzar" da "Buɗe a girkakkiyar manhaja". 'Yar aike zan bar ta ga shafin ƙarshe na masu kula da na'urori, inda ake maganar uwar garke.

Mai gyaran kwamfuta:
Ya yi, Malam. Amma ka raba sashen waya daban, don a can Teams da Zoom manhaja suke tura mutum ya sauke, zaɓin burauzar na masu kwamfuta ne.