Tsara ƙauye ba tare da an tare hanyar ruwa ba

A wata tattaunawa da aka yi kan yadda za a tsara ƙauye a kauce wa ambaliya, shawarar da kowa ya yarda da ita ita ce a san hanyar ruwa kafin a yanka filaye. A tambayi dattawa inda ruwa ya kai a shekarar da ambaliya ta fi muni, a kafa alama, kada a ba kowa fili ƙasa da nan. Fadama da kududdufai a bar su, su ke shanye rarar ruwan sama. Idan aka cike su aka yi gini, ruwan zai nemi ɗakin wani.

An ja da juna kan magudanar siminti. Wasu na ganin ita ce mafita, wasu suka ce tura ruwa kawai take yi da gudu zuwa ƙauyen da ke gangare. Ni na fi karkata ga na biyun. Kwalbati kuwa, in ta yi ƙanƙanta, kara da leda za su toshe bakinta tun ruwan farko, don haka a yashe ta kafin damina.

A bakin rafi, a hana sare itatuwa da ɗibar yashi, a dasa jema, saiwarta na riƙe gaɓa. Masai kuma a haƙa shi nesa da rijiya, a ɗaga bakin rijiyar.