Neman shawara kan fanshon Babanmu, tsohon sojan yaƙin basasa

'Yar Kofur, Funtuwa:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar fanshon soja, musamman tsofaffin sojoji da 'ya'yansu.

Mahaifinmu ɗan mazan jiya ne. Da kakar 1967 ya shiga soja, yaƙi ya riga ya ɓarke, ana bi gari-gari ana ɗibar samari. Ya ce ko geron da suka yanke ba a kai rumbu ba ya hau motar Zariya. Horon 'yan makonni aka ba su, sai kudu. Runduna ta biyu ya faɗa, wadda Murtala ke jagoranta. Bai riski tsallaken kogi daga Asaba ba, inda aka yi asarar rayuka masu yawa, amma da shi aka zagaya ta Idah, aka biyo ta Awka har Anacha. Kuma ya ga wutar Abagana da idonsa a ƙarshen Maris 1968, ranar da tankar mai ta kama ta cinye jerin motocin soja. Abokinsa da suka tashi unguwa ɗaya, suka hau mota ɗaya zuwa Zariya, a nan ya cika. Har yau in ana babbakar kan rago da Babbar Sallah, Baba tashi yake ya shige ɗaki ya tura ƙofa. Mun girma muna ganin haka, ba wanda ya taɓa tambayarsa dalili, sai bayan na yi aure Inna ta gaya mini.

Akwai ɓallin ƙarfe a cinyarsa ta hagu da ba a cire ba. Da hunturu wurin yakan kumbura, ya kwana yana juyi.

Bayan yaƙi ya ci gaba da aiki, ya kai kofur. Sallamarsa kuwa, wani lokaci ya ce shekarar da Shagari ya karɓi mulki ne, wani lokaci ya ce wadda ta biyo. An ba shi kuɗi dunƙule, ya sayi filin da muke ciki da keke, aka ce masa shekarunsa ba su kai na fansho ba. Bai ja ba. Ya kama gadi a wani kamfanin auduga har ƙarfi ya ƙare. Yanzu yana dab da tamanin, bara ya samu shanyewar ɓarin jiki, kuɗin magani da gashin ƙashi sun fi ƙarfinmu.

Takardunsa suna cikin wata adaka, gara ta shiga ta yi mana ɓarna. Abin da ya tsira shi ne rabin takardar sallama, da hotonsa cikin kaki, da lambobin yabo biyu. Gefen da kwanan wata yake shi ne ya tafi. Amma lambarsa ta soja, wadda ta fara da 63NA, tana kansa. Harshensa ya yi nauyi, sunayen jikoki ma sukan ɓace masa, amma ka ce masa "lamba?" sai ya zubo ta tiryan-tiryan.

To ko yana da haƙƙin fansho bayan tsawon wannan lokaci? Ina ake neman fayil ɗin wanda takardarsa ta lalace? Wani abin da ke damun Inna kuma: wanda ya rubuta a matsayin magajinsa ranar shiga soja wansa ne, kuma ya daɗe da rasuwa. In ta Allah ta kasance, ina makomarta ita da abokiyar zamanta? Wani mutum ya zo har gida ya ce zai fitar mana da komai in muka ba shi kuɗin zirga-zirga, da kashi ɗaya cikin uku na abin da ya fito. Yayanmu ya karkata, ni hankalina bai kwanta ba.

Tsohon Saje, Kaduna:

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba maigida lafiya. Ki ce masa wani ƙaninsa a kaki yana gaishe shi, mu bayan yaƙi muka shiga, su ne suka koya mana aiki.

Mutumin nan kada ku ba shi ko sisi, kada kuma ku damƙa masa rabin takardar nan. Ba a sayen fansho.

Hankalinki ya koma kan kwanan watan sallama, domin a nan maganar take. A ƙarƙashin dokar 1979, sai mutum ya yi shekara 15 yake samun fansho, mai shekara 10 giratuti kawai yake karɓa, wato kuɗin dunƙulen da kika ce an ba shi. A 1992 ne aka rage zuwa 10 da 5, su kuwa an riga an sallame su. Sojan Najeriya kafin yaƙi bai wuce dubu goma da 'yan kai ba, kafin a gama ya kai wajen dubu 250, shi ya sa aka yi ta rage mutane a ƙarshen shekarun 1970, da yawa suka tafi ba fansho. Amma dokar ta ce aikin da aka yi tsakanin 27 ga Mayu 1967 da 15 ga Janairu 1970 ninki ake lissafa shi, kowace cikakkiyar shekara ta yaƙi tana zaman biyu. Yi lissafi da kanki. Daga ƙarshen 1967 zuwa 1979 ko 1980 shekara 12 ne ko 13, ki ɗora biyu da 'yan watanni na ninkin yaƙi. Kin ga yana bakin layi, 'yan watanni ne za su raba gardama. Ga kuma rauni. In an rubuta a fayil cewa a bakin daga ya same shi, wannan ma magana ce mai zaman kanta.

Hanya ita ce ku fara da ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji, Nigerian Legion, na ƙaramar hukumarku ko na Katsina. Su suka san yadda ake rubuta takardar koke, kuma ba mamaki a samu wanda suka yi bataliya ɗaya. Bayanan ƙananan sojoji a Lokoja ake ajiye su, da lamba ake nema, ba da suna ba, don masu suna ɗaya sun yi yawa. Biyan kuɗi kuma aikin Hukumar Fanshon Soja ne da ke Dutse-Alhaji a Abuja. Soja ba sa cikin tsarin fanshon adashi na sauran ma'aikata, kada wani ya tura ku kamfanin fansho.

Yau ɗin nan ki zauna da shi da waya, ki naɗi muryarsa. Lamba, bataliya, kamfani, sunan hafsan da ya jagorance su, barikokin da ya zauna, asibitin da aka kwantar da shi, inda aka miƙa masa takardar sallama. Kada ki matsa masa kan Abagana. In ya kawo da kansa, ki saurara.

Maman Khalifa, Jos:

'Yar'uwa, mun bi wannan hanya da namu mahaifin, Allah ya jiƙansa. Shi yana karɓa, sai ciwo ya kwantar da shi lokacin tantancewa, ba mu san ana sanar da halin mara lafiya a rubuce ba, kuɗi suka tsaya. Kafin su dawo mun sha wuya. Abin da ya fi cinye mana lokaci kuwa suna ne: a takardar soja an rubuta sunansa da na garinsu, a banki da katin ɗan ƙasa sunansa da na mahaifinsa. Sai da muka yi takardar rantsuwa a kotu. Ki duba rabin takardar nan ki gwada da NIN da BVN ɗinsa tun yanzu. Ki ɗauki hotonta gaba da baya, ki yi kwafi da yawa, asalin ki sa a leda ki adana. Ki karɓi rahoton likita, ku yi hoton ƙashi na cinyar don ƙarfen ya fito ƙarara. Kuma duk takardar da kuka kai ofis, a buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku kafin ku fito.

Malam Na Zaure:

Malama, a kan damuwar Inna. Sunan da soja ya rubuta na magaji, wanda za a nema ne in wani abu ya faru, ba shi ke mayar da dukiya tasa ba. Tunda maigida yana raye da hankalinsa, ana iya neman sauya sunan a rubuce. Sai dai ku sani, a tsohon tsari fansho na mai shi ne, yana tsayawa da rasuwarsa, in ba ya rasu cikin shekara 5 na farko bayan barin aiki ba, shi kuwa ya wuce nan da nisa. Abin da zai rage wa iyali shi ne ariyas, wato kuɗin fanshon da ya taru ba a biya shi ba, wannan kuma gado ne: matan biyu su raba tumuni a tsakaninsu, saura na 'ya'ya, namiji rabon mata biyu, bayan an fitar da bashi da wasiyya. Ku tara 'ya'yan ɗakunan biyu ku gaya musu komai kafin a kai takarda ko ɗaya. Na ga gidajen da maganar ariyas ta raba tun kuɗin ba su fito ba.

'Yar Kofur, Funtuwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Saje, na isar da gaisuwarka, ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya sara. Na naɗi maganarsa bayan la'asar. Ya tuna bataliyarsa, ya kuma ce ranar da ya dawo gida da adakarsa Inna tana goyon Yaya, bai fara tafiya ba. Takardar haihuwar Yaya ta nuna farkon 1980. Na karanta wa Yaya amsoshinku, ya yarda mu sallami mutumin nan. Sunan ma akwai bambanci kamar yadda Maman Khalifa ta faɗa, harafi biyu ne. Baba Saje, mu fara gyara sunan ne, ko mu fara zuwa ofishin tsofaffin sojojin?

Tsohon Saje, Kaduna:

Ku fara da ofishin, 'yata, kada ku taɓa sunan tukuna. Yadda yake a fayil ɗin soja shi za a bi, sai kun gan shi sannan ku yi rantsuwar kotu daidai da shi. Ku tafi da kwafi, da takardar haihuwar yayanki, shi ma ya raka ki.