Neman shawara: Land Cruiser FJ60 da na saya tana zubar da fetur

Baban Khalifa, Barnawa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na sayi Land Cruiser FJ60 ƙirar 1984, injin 2F mai kafireto, a hannun wani dattijo da ya daɗe da jingine ta. Tana tashi lafiya, giya duk suna shiga. Damuwata warin fetur ne. In na dawo na kashe ta, sai in ga ɗigo a ƙasa ta gefen dama, kusa da tayar gaba, kuma mai ba ya jimawa a tanki. Wani ya ce a sauke tanki a yi walda, wani ya ce kafireto ne. Don Allah ta ina zan fara?

Ogan Gareji, Kakuri:
Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Ka ajiye ta tukuna, kada ka sake hawa. Fito da ita fili, nesa da janareta da murhu, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi har ya tarar da wuta. Abin kashe gobara mai hoda ya kasance kusa, kuma a cire wayar batir ta negatif kafin a kwance komai.

Kada ka sayi ko noti sai ka san lokacin da take yoyon. In tana ɗiga ko da ta kwana a kashe, laifin tanki ne ko bututun da ke ƙasa da matakin mai. In sai an cika tanki ko an bi hanya mai gargada, duba tiyon wuyan tanki, da gasket ɗin gejin mai da ke samansa, da ƙananan tiyoyin numfashi. In kuwa sai inji yana aiki ko an kashe shi yanzun nan, to daga famfon mai zuwa kafireto ne, nan ne kawai mai yake da matsi. Bayaninka ya fi kama da na ƙarshen, kuma a injin 2F famfon yana gefen dama ne, kafireto yana hagu.

A wanke wurin da omo, a bari ya bushe sarai, a barbaɗa hodar jarirai a jikin famfo da bakin kowane tiyo, a shimfiɗa kwali a ƙasa. Tada ta minti biyu ka kashe, ka haska da tocila. Inda hoda ta fara jiƙewa daga can sama shi ne bakin zaren, don fetur yana bin jikin ƙarfe ya je ya ɗiga a wani wuri daban. Sannan ka zaro ma'aunin baƙin mai ka sunsuna.

Baban Khalifa:
Oga na gode. An yi yadda ka ce. Hodar ta jiƙe a ƙasan famfon, daidai wani ɗan rami. Baƙin man ya wuce alamar sama, ya tsinke, kuma yana warin fetur.

Ogan Gareji:
To robar cikin famfon ce ta tsage. Ramin nan an yi shi ne don ya nuna hakan, kada wani ya toshe maka shi da gam, in an toshe duk fetur ɗin cikin inji zai koma. Kada a sake tada ta. Baƙin man da fetur ya tsinka ba ya riƙe metal, wato bearin da ke cikin inji, ana cikin tafiya sai inji ya buga.

In famfonka mai sukurori ne a kewaye, ana iya buɗewa a sauya robar. In a matse yake babu sukuru, sai sabo. Noti biyu ke riƙe da shi a jikin inji. Ka sa alama a bututunsa kafin cirewa: mai shigowa daga tanki, mai tafiya kafireto, da mai mayar da rara tanki. Akwai wani faranti mai kauri tsakanin famfo da inji mai gasket gaba da baya; a mayar da shi, don in babu shi hannun famfon zai yi tafiyar da ta wuce ƙa'ida ya lalace. Wajen ɗaurawa a tabbata hannun ya hau kan kamshaf, wato sandar cikin inji da ke motsa shi, daidai. In yana turjewa, a juya inji da hannu kaɗan har ya sassauta, kada a ja shi da ƙarfin noti. Daga nan a juye baƙin mai duka, a sa sabuwar filta. Injin yana cin wajen lita 8.

Ɗan Panteka:
Ranka ya daɗe Oga, ban musa ba, amma a duba kafireton ma. In allurar fulot, wato abin da ke tsayar da mai in kafireto ya cika, ba ta rufewa, mai yana ambaliya ya gangara cikin silinda, shi ma ya ƙare a baƙin mai. Kafireton Aisan na wannan injin yana da ɗan gilashi a jiki. Idan tana aiki a wurin da ba tudu ba gangare, mai ya tsaya a tsakiyar gilashin. In ya cika shi, a sauya allura da mazauninta, a gyara tsayin fulot. Wannan ba abin wasa ba ne, domin kafireton a saman manifol ɗin salansa yake, wato ƙarfen da hayaƙi ke bi ya fita daga inji, duk abin da ya zuba kan ƙarfe mai zafi zai sauka.

Kuma Alhaji, za a ce maka a sa famfon lantarki a huta. Kafireto matsin da yake so bai wuce psi 3 zuwa 5 ba, famfon motar injekta kuwa yana ba da 40 ko fiye. In aka sa shi, ambaliya ce tabbas.

Kawu Mai Tiyo, Kawo:
Tunda motar ta haura shekara 40 kuma ta yi zaman banza, duk tiyon roba na mai a sauya shi lokaci guda, har guntayen da ke wajen tanki da na filtar mai. Ka lanƙwasa tsohon a hannu za ka ga tsaga kamar faso. Yawancinsu milimita 8 ne, amma ka yanko guntu ka tafi da shi kasuwa. Ka karanta jikin sabon, ka nemi mai rubutun SAE 30R7 ko 30R9. Farin tiyon ruwan nan da ake ganin ciki, fetur yana busar da shi ya ƙage ya zame. A sa kilif mai sukuru a kowane baki, ba waya ba. Notin bututun ƙarfe da ke shiga kafireto kuma ba a naɗa masa farin tef, bakin bututun ne yake rufewa da kansa; in ya tsage sai a sake shi.

Baban Khalifa:
Allah ya saka da alheri. Maganar waldar tanki fa, a bar ta ke nan?

Ogan Gareji:
A bar ta, babu abin da ya nuna tanki. Bayan an gama aikin gaba, ka cika shi ka bar ta ta kwana a kan sabon kwali. In da safe kwalin a bushe yake, tanki lafiya. In ka ga ɗigo a baya, ka dawo da hoton wurin, kuma kada a kusanto shi da wuta sai an sauke shi, an wanke, an cika shi da ruwa, don tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke saurin fashewa.